Dunƙulen Karen Baba Abarci

"Ke amarya, aje yajin nan! Aje shi na ce!"

Zalika ta tsaya cak, hannu bisa turmi, ɗan yaji tsakanin yatsunta. Ta waiga ta dubi tsohon da ke kwance ƙarƙashin rumfa, ya ta da kai da tsohon burgaminsa, jakar fatarsa ta farauta.

"Haba tsoho, ɗan kaɗan ne hwa. Wa ke cin abu ba yaji ba gishiri?"

"Anasara ke ci. Ki ba shi wanga yaji, yau ke za ki share gidan ga, ba ni ba."

Anasara yana kwance a gefen tabarmar, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu, yana bin taɓarya da ido. Kare ne dogo siriri, launin rairayi, wanda Baba Abarci ya samo wurin wani Buzu a Bader Gula tun yana kwikwiyo. Ƙafafunsa na barewa ne, cikinsa kuwa na jariri. In ya lashi miya, zawo. In ya ci kitse, amai. Ranar da ya saci ƙosai ɗaya yana ƙarami sai da ya yi jinya. Mutanen unguwa suka ce wannan ciki ai irin na mutanen bariki ne, suka sa masa Anasara, sunan ya bi shi.

Baba Abarci maharbi ne a da, tun kafin Faransawa su kafa bariki a Dakoro, lokacin da barewa ke shan ruwa a bakin gari. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗiyarsa Mariama tana aure a Ɗan Gulbi. Zana ɗaya ce tsakaninsa da gidan Mamani dillalin awaki, mijin Zalika. Tun ranar da aka kawo Zalika yake ce mata amarya, wai shi aka kawo wa aka ɓata ƙofa. Ta haihu ta yaye, ta sake haihuwa, har yanzu amarya ce.

Ita kuwa Zalika ba ta son kare ko a mafarki. Ɗiyar malami ce daga ƙasar Maradi, gidan da ta tashi kare bai taɓa leƙa zaure ba. Ko kusa da tulunta Anasara ya gifta, sai ta zubar da ruwan ta wanke tulun da ƙasa. Amma tun da aka yanke gero ƙafafun tsoho suka kumbura, ya kasa ɗaga taɓarya, ya roƙe ta ta riƙa yi wa karen abinci. Ta ce za ta yi don Allah, ba don kare ba, kuma a turminsa, ba nata ba.

"To mi anka sa kuma?" ta tambaya.

"Geron kin surhe shi?"

"Na surhe, na wanke, na dahwa har ya yi luguf."

"Kabewa?"

"Ga ta nan, ta dahu tun ɗazu."

"Zuba. Sai garin ƴaƴan kuka, cikin hannu guda, shi ke ɗaure ciki. Sai busasshen naman zabon nan da ke rataye, ki ɓare hwatar ki yar, nan kitse ke ɓuya. Nono kuwa wanda anka cire wa mai, ɗan kaɗan, don ya kama."

Ta zuba, ta daka, abin ya haɗe ya yi rawaya.

"Aradu ni da nike mutum ban samun wanga gata."

"Ki yi haushi ki kaɗa wutsiya, ki gani in ban sa an yi miki ba."

Ta harare shi tana danne dariya. Ta zauna ta mulmula dunƙule ƙanana kamar ƙwan zabo, ta jera su a faifai, ta miƙa hannu za ta ɗora bisa rumfa su sha rana.

"Tsaya, saura abu guda," in ji shi. "Ɗauki guda ki ciza."

"In ciji mi?"

"Ki ciza ki ci shina kallo, sannan ki ba shi sauran."

"Ni? Ni ɗiyar Malam Rabo in ci abinci guda da kare? Allah shi kiyashe ni!"

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Amarya, da gaske nike."

"Kullum da gaske kake. Ran da ka ce ka kashe kura da atishawa ma da gaske kake. Ungo, ci abinka."

Ta miƙa masa ɗaya. Ya ciza da ƴan haƙoran da suka rage masa, ya tauna, ya miƙa wa Anasara sauran. Karen ya karɓa a hankali kamar mai karɓar goro. Zalika ta sha ganin wannan ta kafar zana shekara da shekaru, ta ɗauka kwaɗayin tsufa ne kawai.

Haka suka ci gaba. Ita ta daka ta mulmula, shi ya ciza ya ba kare. Tsakanin haka ya ba ta labaran daji, rabi gaskiya rabi nasa. Labari ɗaya ne kawai ba ya dariya in ya zo kansa, na karyar da yake da ita kafin Anasara. Shekarar da mahaukacin kare ya ciji wata mai tallan nono a kasuwa, kumandan na bariki ya sa aka watsa nama mai guba a lunguna, karyar ta tsinta ta ci. Bayan haka an sake watsawa, karnukan gari suka yi ta mutuwa, Anasara ya shinshina ya wuce. Mutane suka ce iyayin cikinsa ne ya cece shi.

Ranar da tsoho ya rasu, da hantsi ne, kuma cikin raha. Ya ce ta dama masa hura, ta sa yaji da yawa, shi ba anasara ba ne. Ya kurɓi kaɗan ya mayar mata da ƙwaryar.

"Amarya, in na tahi, kar ki yi saurin sake aure."

"Sai na yi takaba, tsoho."

"Madalla. Mamani ya ci gaba da riƙe mini ke." Ya ɗora hannu a wuyan karen. "Wanga kuwa amana ne. Ba shi da kowa."

"Na ji," ta ce, don kawai ya huta.

"Kin ji, ko kin karɓa?"

"Na karɓa. Rufa mini baki ka yi barci."

Ta zagaya gida don ta sauke tukunya. Tana cikin kwashe wuta ta ji karen ya yi wani kuka siriri wanda ba ta taɓa ji ba. Ta dawo da muciya a hannu. Tsoho ya juya gabas da kansa, malfarsa a kan ƙirji, bakinsa a ɗan buɗe kamar akwai sauran zolaya da bai ƙarasa ba.

"Tsoho? Baba Abarci?"

Shiru. Ta yi salati, ta sake yi, sannan ta leƙa ƙofa ta aika a kira mijinta daga kasuwar awaki.

Kafin la'asar an kai shi. Anasara ya bi masu makara daga nesa, ya tsaya bayan geza har aka gama, ya dawo ya kwanta a gindin aduwar ƙofar gida, inda tsoho ke zama da yamma. Daga nan bai sake tashi ba.

Zalika ta kai masa dunƙule a kaskonsa. Ya shinshina, ya dube ta, ya mayar da kai. Ta ce baƙin ciki ne, gobe zai ci. Gobe ta yi bai ci ba. Ta yi sabo ta ƙara kabewa, ya ƙi. Ta rage kuka, ya ƙi. Ta duba hagu da dama ba kowa, ta kausasa murya irin ta tsoho ta ce, "Anasara, ungo, ɗan banza!" Sai ta ji dariya a bayanta. Mamani ne.

"Ba haka ake yi ba, matsa ki gani."

Ya shiga ya ɗauko malfar mamaci ya sa, ya ranƙwafa, ya taho yana ɗingishi da dunƙule a hannu. Karen ya buɗe ido ɗaya ya dube shi tun daga malfa har takalmi, ya rufe.

"Kai, wanga kare ya raina ni," in ji Mamani. Ya je ya samo tsokar akuya mai kyau wurin mahauta, ya aje gabansa. Ƙuda ne suka ci.

Mariama ta iso daga Ɗan Gulbi da kuka. Da aka yi mata maganar kare ta ce mijinta ko akuya ba ya so a gida in tana yawan kuka, balle kare.

Da yamma Amani, gardin bariki, ya zo gaisuwa da jar hularsa. Ba mugun mutum ba ne, ya sha cin zabon tsoho. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon karen. Haƙarƙari sun fito, ido ya faɗa, miyau na zuba a gefen baki.

"Tun yaushe bai ci ba?"

"Tun da mai shi ya tahi," in ji Mamani.

"Kun san dokar kumandan. Kare ba mai shi, ba shi ci, shina zubar da miyau, ba a jira. In wani ya kai magana bariki kafin ni, hulata ce za ta tahi." Ya gyara ɗamara. "Gobe zan zo sadakar uku, kuma da bindiga zan zo. In ya ci a gabana, kuma wani ya ce nashi ne, to ban ga komi ba. In bai ci ba, ku yi mini haƙuri."

Zalika ta ji duk wannan daga bayan zana. Ta shiga gidan tsoho ta sake surfa gero. Tana daka tana faɗa da shi a zuci. Ka ga abin da ka ja mini, tsoho? Ka sa na ce na karɓa, ka tafi ka bar ni da kare mai zuciyar sarki. Ta mulmula ta jera a faifai, ta ɗora bisa rumfa. Ita kanta ta yi mamakin yadda hawaye suka zo mata a kan kare.

Washegari da safe maza suka cika tabarmi a ƙofar gida. An yi ta korar karen daga gindin aduwa ya ƙi motsi, aka gaji aka bar masa fili. Amani ya zo, ya jingine bindiga jikin itacen, ya zauna. Cikin gida mata na ta dakan gumbar sadaka, suna dunƙulawa suna jerawa a faifai, suna ɗorawa bisa rumfa saboda kaji. Mamani ne ke jigila, riga na tashi, yana shiga yana fita yana ce wa kowa a yi sauri liman ya iso.

Zalika ta ce bari ta gwada sau ɗaya na ƙarshe. Ta miƙa hannu bisa rumfa, ta laluba. Babu faifanta.

"Mariama, kin ga wani faifai mai baƙin baki nan?"

"Mai gumba rawaya? Ai mijinki ya hita da shi. Har na ce wa ta yi wagga mai kyau haka."

Zalika ta zabura. Ta ruga ta sa ido a kafar zana. Ga faifan can, ba ko'ina ba sai gaban Liman Isufu, tsohon da ko tari ba a yi in yana magana. Ta so ta yi kira ta fasa. Ita da ko a rijiya ba ta iya ɗaga murya, ina za ta yi kira cikin maza?

Liman ya gama addu'a, aka shafa. Ya duba faifan, ya zaɓi ɗaya, ya yi bismilla ya ciza. Ya tauna a hankali yana gyaɗa kai.

"Wagga gumba ta gidan wa? Ba ta da zaƙi, amma ta yi laushi. Mai haƙora irin nawa ya gode."

"Ta gidana ce, Malam," in ji Mamani da alfahari, ya ɗauki ɗaya ya jefa baki.

A gindin aduwa, Anasara ya ɗaga kai. Kunnuwansa suka miƙe. Ya tashi yana tangaɗi kamar sabon ɗan maraƙi, ya nufo tabarmi.

"Kai! Kai! Alwalata!" wani ya yi ihu.

Maza suka yi ta tattare riguna, wani ya hau kan wani, takalma suka watse. Amani ya miƙe ya kai hannu ga bindiga. Karen bai kula kowa ba. Ya zo daidai gaban liman, ya bar ɗan fili tsakaninsu, ya zauna. Idonsa a kan rabin dunƙulen da ke hannun liman, wutsiyarsa na share ƙasa.

Zalika ta san wannan zama. Shi ne zaman da yake yi kullum in tsoho ya ciza. Sai maganar ta dawo mata da muryarsa da tarinsa: ki ciza ki ci shina kallo. Ta tuna karyar da ta tsinci nama a lungu, ta tuna Anasara yana shinshina yana wucewa. Ashe ba iyayi ba ne, ba kuma kwaɗayin tsufa ba. Tsoho ne ya hore shi tun yana kwikwiyo, kada ya ci komi sai abin da ya ga an ci a gabansa.

Amani ya ɗaga bindiga. Zalika ba ta san lokacin da ta ja zane ta rufe kai ta fito ba. Ta durƙusa a bakin tabarmi.

"Gafara Malam. Gafara dai. Kar ka ci sauran."

"Don mi, ɗiyata?"

"Ba gumba ba ce." Muryarta ta yi ƙasa. "Abincin Anasara ne."

Mamani ya tsaya da kumatu cike, ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar. Wani daga baya ya fara dariya ta hanci, wani ya kama, kafin a ce haka tabarmi duk sun ɗauka, har da masu share hawaye.

Liman bai yi dariya ba tukuna. Ya ɗaga rabin dunƙulen ya duba shi gaba da baya.

"Kare ya sa baki cikin faifan?"

"A'a, Malam. Tun jiya shina bisa rumfa."

"Da wane hannu kinka yi?"

"Da wanda nike dama hura."

"Mi ke ciki?"

Ta lissafa masa, kanta a ƙasa. Gero, kabewa, kuka, zabo, nono.

"Zabon wa ya yanka?"

"Marigayi."

"To Mamani, haɗiye abinka. Gero da kabewa ba su zama haram don an yi niyyar kare da su." Sai a lokacin gemunsa ya fara rawa. "Allah shi jiƙan Abarci. Shina kabari ma bai bar ja na ba."

"Malam, ka jefa mishi sauran," in ji Zalika. "Ba shi cin komi sai ya ga an ciza. Tsoho ya hwaɗa mini, na ɗauka wasa ne."

Liman ya jefa. Anasara ya cafe tun bai kai ƙasa ba, ya haɗiye, ya sake zama yana jira.

"Ya ci!" in ji Mamani. "Gardi, ka gani da idonka!"

"Na gani," in ji Amani, amma bai aje bindigar ba. "Ya ci hannun liman. Gobe liman zai zo ya ciza mishi? Na wa ne?"

"Kar ka dube ni," in ji liman. "In na shiga gida da kare, ni za a kora, ba shi ba."

Mamani ya fara kallon sama. Sauran maza kowa ya samu abin gyarawa a rigarsa. Karen kuwa ya juyo yana kallon faifan, yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Zalika ta matsa da gwiwa ta ɗauki dunƙule ɗaya. Ta sa shi ƙarƙashin zane don ta ciza a ɓoye, sai ta tuna dole ya gani. Ta ja zanen ta buɗe fuska, gaban liman da gardi da duk mazan unguwa, ta dubi karen ido cikin ido, ta ciza. Ba yaji, ba gishiri, sai ɗan zaƙin kabewa da tsamin kuka can ƙasa. Ta tauna ta haɗiye. Ta aje sauran a ƙasa ta janye hannu da sauri.

Anasara ya dube ta, ya dubi rabin. Ya miƙa wuya ya ɗauka.

"Nawa ne," ta ce, a hankali.

"Na gidana ne," in ji Mamani da ƙarfi. "Dama ni na so in hwaɗa."

Amani ya rataya bindiga a kafaɗa, ya gyara hula, ya ce shi gaisuwa ya zo, bai ga kare ba. Liman ya tashi yana kaɗe riga, ya tsaya kusa da Zalika.

"Ɗiyata, in kin sake yi, ki ƙara kaɗan ki aiko. Cikina ya daɗe bai karɓi abu da daɗi haka ba. Amma nawa a sa gishiri."

Bayan sadakar bakwai Mariama ta kwashe ƴan kayan ubanta ta koma Ɗan Gulbi. Ta bar turmi da kasko, ta bar malfa rataye a ginshiƙin rumfa. Zalika ta sa Mamani ya buɗe ƴar kafa a ƙasan zana, daidai wucewar kare. Ta ja layi da ƙafa a ƙasa nesa da tulunta, ta nuna wa Anasara da yatsa, ta yi masa gargaɗi kamar mai jin Hausa. Bai taɓa tsallakewa ba.

Da hantsi, in ta gama shara, takan zagaya gidan tsoho ta sauke faifai, ta kife turmi ta zauna a kai. Karen ya zo ya zauna gabanta ya bar ɗan fili. Yau ma haka. Ta ɗauki ɗaya ta ciza, ta ɓata fuska don kada ya ɗauka daɗi take ji, ta aje sauran cikin kasko da shatin haƙoranta a jiki. Iska ta ɗan kaɗa malfar da ke rataye. Anasara ya ɗaga kai ya dube ta har ta tsaya, sannan ya sunkuya ya ci.